Tsohon Zomo a Gidan Wenzu

A Nadur, ƙauyenmu da ke kan wani ƙaramin tsibiri, in ka ce kana neman Wenzu Portelli, sai an tambaye ka wanne, don huɗu gare mu. Amma ka ce Wenzu Mai Zomaye, kowa zai nuna maka ƙofar. Shekara arba'in mutumin nan ya yi yana kiwon zomaye a bayan gidansa, keji bisa keji, kuma babu wata fenkata ta kirki, wato walimar naman zomo, da aka ci a ƙauyen nan, ta aure ko ta baftisma ko ta murnar cin ƙwallo, da naman bai fito daga hannunsa ba. Mu dai mun san halinmu. Ko gawa muka raka, kafin a watse sai wani ya ce ya kamata a sa rana a haɗu a ci zomo. Wenzu kan kama zomo ta fatar wuya ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya faɗi nauyinsa, a ɗora a sikeli a tarar bai kuskure ba. Da wannan yake taƙama, kuma in ka bincika ba shi da wata taƙamar bayan ita.

Ya bar kiwon shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar matarsa Dolor, lokacin da gwiwoyinsa suka ƙi yarda da durƙuso. Kejin suna nan a bayan gida, gizo-gizo ne kawai ke haya a ciki.

'Yarsa ɗaya ce, Graziella, ma'aikaciyar jinya. A Marsalforn take zaune, tafiyar minti ashirin a mota, amma sau biyu yake ganin ta a shekara, ranar festa, wato bikin shekara na ƙauyenmu, da ranar Kirsimeti. Ba faɗa suke yi ba, da faɗan ne ma da ya fi masa sauƙi. Gaisuwa ce mai tsabta irin wadda ake yi wa maƙwabcin da aka daɗe ba a gani ba. Asalin abin kuwa, tana shekara tara ta raɗa wa wani farin zomo suna, abin da ba a yi a gidan mai kiwo. Ranar festa baƙi suka fi yadda aka zata, Wenzu ya zagaya baya ya dawo, ya ce wa yarinyar zomonta ya gudu. A kan teburi kawunta, da ruwan inabi ya kai masa karo, ya faɗi gaskiya yana riƙe da ƙashi a hannu. Tun daga ranar ba ta ƙara cin nama ba, ba ta kuma ƙara roƙon ubanta komai ba, ko ɗaurin igiyar takalmi. Shekara ashirin da biyar Wenzu yana cewa ai zomo ne kawai. A ransa ya san ba zomon ne ya tsaya mata ba, ƙaryar ce.

Shi ya sa da motarta ta tsaya a ƙofarsa wata Litinin cikin watan Maris, ba festa ba Kirsimeti, sai ya zaci wani mugun abu ne ya faru. Ta shiga sauke kaya: darduma, kwanon ruwa, wani faffaɗan tire na roba, damin busasshiyar ciyawa, sai a ƙarshe akwati mai ƙofar waya.

"An kira ni gwajin aiki a Ireland, Pa, wata uku," ta ce. "Wadda za ta riƙe mini shi ta fasa. Gara in faɗa maka gaskiya, mutum biyar na tambaya kafin in zo nan."

Ta buɗe akwatin. Wani zomo ruwan toka ya fito, kunnuwansa sun zubo har ƙasa kamar an manta ba a ɗaura masa su ba. Ya shinshina takalmin Wenzu, ya wuce ƙarƙashin kujera.

"Sunansa Baskal. Ba ya kwana a keji, a falo yake. Ba a ɗaga shi ta wuya. Na rubuta komai a nan."

"Zomo za ki koya mini? Ni da kusan a keji aka yaye ni?"

"Shi ya sa na rubuta." Ta manna takardar a ƙofar firij, shafi biyu cike. Sannan ta juyo. "Pa, dube ni. Shekara bakwai muna tare da shi. Kada ka yi masa dabara."

Wenzu ya ce ta tafi hankalinta kwance. Ya tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana, yana jin wani daɗi da ya manta irinsa. Na shida ne shi a layi, ya ji da kunnensa, amma dai an zo. Ya ƙudurta a ransa cewa wannan karon ba za ta same shi da laifi ba.

Yana komawa ciki ya jawo Baskal ya ɗaga shi ta fatar wuya. Kilo biyu, ba ko ɗigo a kai. Ya shafa gadon bayansa, ya latsa cinya, ya girgiza kai. Gashi da ƙashi. Ya je firij ya duba takardar ba tare da tabarau ba, iyakar manyan layukan sama ya iya gani: busasshiyar ciyawa kullum ba iyaka, ganye tafi biyu, abincin buhu cokali ɗaya. Cokali ɗaya. Ya yi dariya shi kaɗai a ɗakin girki. Yarinya ta saba da abincin marasa lafiya, ta ɗora wa bawan Allah takunkumi shekara bakwai, ba don mugunta ba sai don rashin sani. Tausayinsu ya kama shi su duka biyun. Nan take ya ga hanyar da zai wanke kansa. Za ta dawo ta tarar da zomo sumul, cinya ta cika, gashi na sheƙi, ta san ubanta ya iya wani abu a duniya. Wenzu bai iya faɗin ƙauna da baki ba, bai taɓa gwadawa ba ma. Abin da ya iya shi ne ya sa dabba ta yi ƙiba.

Washegari ya fara. Busasshen burodi da safe, dusa da aka kwaɓa da rana, 'ya'yan itacen harrub masu zaƙi, masu kama da ɗorawa, da ya kakkarya, karas, ga kwano cike da abincin ƙiba irin wanda ya saba saye buhu-buhu. Baskal, da bai taɓa sanin akwai irin wannan duniyar ba, ya faɗa mata gaba gaɗi. Cikin kwana huɗu ya daina ko kallon ciyawa. Wenzu ya ɗauki hakan a matsayin shaida, ya kwashi damin ya kai ɗaya daga cikin tsofaffin kejin ya ajiye.

Abin da bai shirya masa ba shi ne zaman tare. Zomon ya san tirensa, can yake zuwa ya yi abin da zai yi ya fito, bai taɓa ɓata darduma ba. Wenzu ya yi kwana uku yana leƙen wannan al'amari daga bayan jarida. Dubban zomaye sun wuce ta hannunsa, bai taɓa sanin suna da wannan hankalin ba, ko da yake shi ma bai taɓa ba wani tire ya gani ba. Baskal ya cinye wayar rediyo, ya rage wa ƙafar teburin Dolor kauri, in an zauna kallon labarai sai ya zo ya kwanta a kan ƙafar Wenzu ta hagu, kullum ta hagu. Wata rana Wenzu ya tsinci kansa yana yi masa bayanin dalilin da ya sa ba za a taɓa gama gyaran hanyar Rabat, babban garin tsibirinmu, ba. Ya katse maganar, ya waiga ko taga a buɗe take.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci Graziella kan kira ta bidiyo. Ba doguwar hira suke yi ba, zomon take son gani. Wenzu kan kai wayar daidai fuskar Baskal, daga kunne zuwa hanci, don yana so ragowar ya zama abin mamaki.

"Yana cin ciyawarsa?"

"Yana cin komai," in ji Wenzu, yana jin daɗin cewa wannan ba ƙarya ba ce.

A kulob ɗin 'yan badujala, inda tsofaffinmu ke zama da tambulan ɗin shayi suna gyara duniya, ya riƙa ba da rahoto. Biyu da kwata. Biyu da rabi. A mako na shida ya ce saura ƙiris a kai uku, aka jinjina masa, aka ce hannu bai manta ba.

Ranar Asabar ta makon nan ya fito da burodin safe ya ƙwanƙwasa kwano, Baskal bai zo ba. Ya same shi a ƙarƙashin kujera a dunƙule, ido rabi a rufe, yana ɗan taune haƙora. Ya miƙa masa harrub, ya kau da kai. Ya taɓa kunnuwan ya ji su da sanyi. Tiren kuwa tas yake, kamar yadda ya wanke shi jiya da rana. Wenzu ya ce ƙoshi ne, zai ware. Ya sha shayinsa, ya share tsakar gida, ya dawo ya duba. Ya sake fita ya sake dawowa.

Wajen ƙarfe goma Kelinu ya shigo. Kelinu abokinsa ne tun suna 'yan makaranta, kuma shi ne mai tukunya: Wenzu ya kiwata, Kelinu ya soya da tafarnuwa, haka suka yi rabin rayuwarsu. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya latsa cikin zomon da yatsa biyu, ya miƙe yana kaɗe wando.

"Ciki ya tsaya, Wenz. Ka san abin da ake yi."

"Na Graziella ne."

"Na sani, Allah ya ba ta haƙuri. Amma in ka bar shi ya tafi da kansa an yi asara biyu. Wannan ai ya kusa kilo uku."

"Shekararsa bakwai, Kelin."

"To sai a bar shi ya daɗe a wuta. Ita kuma ka ce mata an bar ƙofa a buɗe ya gudu. Zomo ne, gudu ai sana'arsa ce."

Kelinu ba mugu ba ne, kada a zarge shi. Abin da ya faɗa shi ne abin da kowane mai hankali a Nadur zai faɗa, kuma abin da Wenzu da kansa ya faɗa wa mutane sau ɗari. Wenzu ya jawo Baskal ya ɗora a cinya don ya ƙara duba shi. Yana cikin sauraron Kelinu sai ya lura hannunsa na dama ya riga ya tafi bayan kunnuwan, ya sami wurin da ake karya wuya, ya zauna daidai, ba tare da an aike shi ba. Ya janye hannun ya cusa a hammata. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya kira shi gefe a kan maganar Dolor. Ya lalubi kansa kaf yana neman maganin zomo mara lafiya, ya tarar guda ɗaya tak ya sani, shi ne wanda hannun ya je yi.

Ya ajiye zomon a hankali, ya ɗauko tabarau, ya tafi firij. A shafi na biyu, da jan biro, an ja layi biyu a ƙarƙashi: ban da burodi, ko loma ɗaya. Ƙasa da shi kuma: in ya yi awa goma bai ci ba ko bai yi kashi ba, kada ka jira, kira wannan lambar. Mako shida takardar nan tana kallon sa duk lokacin da ya buɗe firij ya ɗauki madara.

"Motarka na waje?" ya tambayi Kelinu.

A asibitin dabbobi na Rabat suka zauna a benci tsakanin wata mata mai kyanwa a kwando da wani mutum mai kare sanye da riga. Wenzu ya rungume akwatin, ya ja hularsa ƙasa, yana addu'ar kada wanda ya san shi ya shigo, a tsibirin da kowa ya san kowa. Can mai karɓar baƙi ta ɗaga murya.

"Baskal Portelli."

Kelinu ya dafa kafaɗarsa. "Ashe ƙaruwa aka yi a gidan ba ka gaya mana ba? Tashi, ana kiran jikanka."

Likita Refalo ba ta wuce sa'ar Graziella ba, kuma ita ke duba Baskal tun yana ɗan wata biyu. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, ta nufi sikeli.

"Kilo uku ba giram ɗari," Wenzu ya ce kafin ta ɗora. Bakinsa ne ya riga shi.

Ta duba sikelin, daidai ne. Ba ta ce masa sannu da ƙoƙari ba.

"A watan Fabrairu biyu ne cif. Me yake ci, Sur Portelli?"

Ya lissafa mata. Da ya fara muryarsa da ɗan ƙarfi, kafin ya kai kan harrub ta koma ciki. Ta saurara har ya gama tana latsa cikin zomon.

"Wannan abincin da ka faɗa, zomo na yin wata nawa a kansa?"

"Uku. Uku da rabi in ana son ya cika."

"Daga nan fa?"

Wenzu ya dubi Kelinu, Kelinu ya dubi hoton kare da ke bango.

"Wanne ne mafi tsufa da ka taɓa riƙewa?"

"Akwai wata uwa," ya ce. "Ta kusa shekara uku."

Ba ta yi masa faɗa ba, ya so a ce ta yi. Ta dai yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai taɓa ganin zomo ba: cewa cikinsu ba ya son tsayawa ko na yini ɗaya, ciyawa ce ke tura shi, ita ce kuma ke rage musu haƙora, burodi da zaƙi kuwa cushe hanya suke yi, ga shi ba sa iya amai. Wenzu ya tsaya da hula a hannu yana gyaɗa kai. A nan ya gane iyakar iliminsa. Ya san zomo ciki da waje, amma daga haihuwa zuwa mako goma sha huɗu. Abin da ke faruwa da zomo bayan nan bai taɓa gani ba, don ban da 'yan iyayen da ya ajiye saboda haihuwa, bai taɓa barin wani ya kai ba.

Ta yi wa Baskal allurar rage ciwo, ta sa masa ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba Wenzu sirinji mara allura da garin koren abinci da za a dama.

"Sau biyar a yini, kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Ka riƙa murza masa ciki a hankali, ka sa shi ya ɗan taka. Ka kawo mini shi kowace safiya. Ba zan yi maka alkawari ba, ya tsufa. Abin da muke jira shi ne kashi. In ya fito, da sauran magana." Ta tsaya tana duban sa. "Ka sanar da Graziella?"

"Zan sanar da ita."

Ya koma gida ya ɗauko damin ciyawar daga keji ya kaɗe masa ƙura. Ya naɗe Baskal a tawul, kai kawai a waje, ya kai sirinji. Rabin farko a rigar Wenzu ya ƙare, rabin na biyu a gemunsa. Sai a karo na uku ya gane inda giɓin haƙoran yake. Ya sa masa gorar ruwan ɗumi a gefe, ya zauna a ƙasa yana murza cikin da yatsu biyu, yatsun da suka saba da wani aikin dabam. Batun tattaki kuwa, zomo ba ya tafiya don an roƙe shi, dole Wenzu ya bi shi da rarrafe yana ɗan tura shi daga baya, daga kujera zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kujera. Gwiwoyin da suka hana shi sana'a, su ne ya durƙusa a kansu yini guda saboda zomo ɗaya da ba za a ci ba.

Lahadi wayar ta yi ƙara a lokacinta. Ya shirya maganarsa tun a coci, har da inda zai fara. Fuskarta na bayyana sai komai ya gudu.

"Ina Baskal?"

"Barci yake. Ya shige can ƙarƙashin kujera, kada in tashe shi."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau."

Ta kafa masa ido, har ya zaci layin ne ya tsaya. Sannan ta ce, "To, Pa," ta kashe. Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Kunya ta rufe shi, don ya ji muryarsa sarai, ita ce dai ta ranar da ya ce farin zomo ya gudu, ko tsufa ba ta yi ba.

Kelinu kuma ba a ba shi ajiyar magana. Ya leƙo da yamma ya tarar da Wenzu a durƙushe da tabarau yana bincikar tire da cokali, kafin a kaɗa ƙararrawar shida labari ya gama kulob. Litinin da safe, a hanyarsa ta zuwa tashar bas da akwati, mai gidan burodi ya leƙo ya ce, "Wenz, an samu?" Matan da suka fito daga coci suka ce suna sa shi a addu'a, ba su fayyace wa suke nufi ba, shi ko zomon. Mutanen da suka cinye zomayen Wenzu dubu-dubu ba su taɓa tambayar lafiyar ɗaya ba, yau ga su sun tsaya a bakin hanya suna jiran labarin bayan gidan wannan. Rabi tsokana ce, na yarda. Amma rabin da ya rage da gaske suke, don haka muke, ba ma iya ganin abu ya tashi a ƙauye mu rasa hannu a ciki.

Ranar Talata da hantsi, bayan ciyarwa ta biyu, Baskal ya sauka daga tawul ya ja jiki ya shiga tire. Da zomon ya fita Wenzu ya matsa ya duba: guda uku, ƙanana, busassu, ko ƙwayar barkono ta fi su girma. Ya kwashe su a faranti na cikin kabad, irin wanda Dolor ba ta fitarwa sai an yi baƙi, ya tsallaka titi da silifa ya kai wa Kelinu. Kelinu ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce a gaskiya ya ga waɗanda suka fi su, amma barka. Kafin yamma sun haura ashirin. Washegari Baskal ya ja zaren ciyawa ɗaya daga dami ya tauna shi har ƙarshe, yana yi yana hararar inda kwanon burodi yake a da.

"To shi ke nan, ka tsallake," in ji Kelinu. "Saura mako shida ta dawo. Kafin nan ya saɓe ya koma yadda ta bar shi. Wa zai sani?"

"Ban da duk Nadur?"

"Nadur ba ta da lambarta."

Wenzu ya juya maganar a ransa, kuma kada a yi masa ƙarya, ta yi masa daɗi. Har ya fara lissafin yadda nauyin zai sauka mako-mako. Da la'asar ya ɗauki waya, ya ajiye, ya je ya wanke tiren da bai yi datti ba, ya dawo ya kira.

"Pa? Yau ba Lahadi ba ce."

"Na sani. Kina da minti biyar? Na kusa kashe miki zomo."

Ya faɗa mata duka, bai tsallake komai ba. Burodin, dusar, harrub, damin da ya kai keji, takardar da bai karanta ba, taƙamar da ya yi a kulob, shawarar Kelinu. Ya faɗa mata har inda hannunsa ya je. Ya ce ranar Lahadi ƙarya ya yi mata. Yana magana yana kallon bango, don ba zai iya kallon wayar ba.

"Na sani," ta ce da ya gama. "Likita ta kira ni tun ranar Asabar, kuna fita."

"Ranar Lahadi ma kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina ta zuba?"

"So nake in ga inda za ta tsaya." Ta goge hanci da bayan hannu. "Na nemi jirgi a ranar. Ita ta ce in dakata. Ta ce kullum kai ne na farko a ƙofa, da takarda ka rubuta lokacin kowace ciyarwa, rigarka duk kore."

Baskal ya fito daga ƙarƙashin kujera yana jan kunnuwa, Wenzu ya juya mata wayar ta gan shi, wannan karon gaba ɗayansa. Ta daɗe tana kallo, ta ce ya zama kamar buhu.

"Pa, sun ba ni aikin. Na dindindin. Juma'a zan ba su amsa. Gidan da na samu ba a yarda da dabba ba, shi kuma ya tsufa da shiga jirgi. Da ba ka kira ba, ce musu zan yi a'a, in dawo in ɗauki abina."

Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta zauna masa.

"Wato da na yi shiru da kin dawo."

"Da na dawo Marsalforn, Pa."

Ya gane abin da take nufi, minti ashirin a mota amma sau biyu a shekara, bai yi musu ba. Abin da ya yi shekara ashirin da biyar yana jira ya zo, kuma shi ne zai ajiye ta a wata ƙasa.

"Za ka riƙe shi?" ta tambaya. "Ban tambayi kowa ba kafin kai."

Ya dubi zomon, wanda ya koma kan dami yana zaɓar ciyawa kamar an yi masa dole.

"Graziella, shekara nawa suke yi? In an bar su, nake nufi."

"Goma. Wasu sha biyu."

"Ban sani ba," in ji Wenzu Mai Zomaye. Ya share murya. "Ki ce musu kin karɓa. Amma ki riƙa kira, ba sai Lahadi ba. Akwai abubuwa da yawa da zan tambaye ki."